Neman shawara: tafiyar awa ɗaya a babbar hanya ga wadda ta saba da tuƙin cikin gari

Maman Khalil ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san babbar hanya game da wata gajeriyar tafiya da ke gabana. Na daɗe ina tuƙi, amma duk tuƙina a cikin gari yake, tsakanin gida da wurin aiki da makarantar yara, inda da wuya maleji ya wuce kilomita 50 a awa. A mako mai zuwa zan kai mahaifiyata garin da ke kusa da namu domin ta ga likita da ƙarfe 10 na safe, kuma da yake babu wanda zan bar wa yarana biyu, mai shekara 3 da mai shekara 8, da su za mu tafi, mu dawo a ranar.

Hanyoyi biyu ne suke kai mutum garin. Ta farko tagwayen hanya ce mai shinge a tsakiya, tsawonta kamar kilomita 75 saboda ta ɗan zagaya. Ta biyu tsohuwar hanya ce wadda mai zuwa da mai dawowa suke bin kwalta guda, tsawonta kamar kilomita 60, tana ratsa ƙauyuka, kuma manyan motoci suna binta sosai. Taswirar waya ta nuna mini lokacin da zan ɗauka a kan kowaccensu bai bambanta da yawa ba. Zuciyata ta fi karkata ga tsohuwar hanya, domin ta fi gajarta kuma ba a cika gudu a kanta ba, ni kuwa gudun da nake gani ana yi a tagwayen hanya yana ba ni tsoro.

Ina so in san wadda ta fi dacewa da irina, da ƙarfe nawa ya kamata mu tashi, da gudun da zan tsaya a kai, da kuma abin da zan sa a duba a motar kafin ranar. Motar ƙarama ce, ta ɗan kwana biyu, amma ba ta ba ni matsala a cikin gari. Na gode.

Tsohon Direba ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Mama lafiya. Shawarata ita ce ki bi tagwayen hanya, kuma zan faɗi dalili dalla-dalla, domin na lura tsawon hanya kika sa a ma'auni, alhali abin da ya kamata a fara aunawa shi ne yawan abubuwan da za su iya shigowa gabanki ba zato.

A tsohuwar hanya, duk motar da ke tahowa daga gaba tana wucewa ne kusa da ke ƙwarai, babu abin da ya raba ku sai layin fenti, wani wurin ma babu fentin. Idan kina tafiya a kan 70 ita ma tana kan 70, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da kilomita 140 a awa, wato kusan mita 39 a kowace daƙiƙa. Ga kuma ƙauyukan da kika ambata: kowanne yana da masu tsallaka titi, da babura masu fitowa daga lungu, da dabbobi, da motocin da ke tsayawa ɗaukar fasinja ba tare da sun sauka daga kwalta ba. Tagwayen hanya tana ɗauke miki mafi yawan waɗannan, musamman karon gaba da gaba, wanda yake cikin haɗurran da suka fi kisa.

Babban abin da ke damuna da tsohuwar hanya shi ne wuce manyan motoci. Ko ba jima ko ba daɗe za ki tarar da tirela tana jan jiki a gabanki, na bayanki suna matsa miki da hon, agogo kuma yana tafiya. Bari mu yi lissafin abin da wuce ta yake buƙata. A ce tirelar tana kan 70 ke kuma kin taka zuwa 90. Bambancin kilomita 20 ne a awa, wato mita 5 da rabi a daƙiƙa. Tsawon tirela ya kai mita 17 ko kusa da haka, ki haɗa da tsawon motarki da tazarar da za ki bari kafin ki fita da bayan kin koma layinki, za ki samu kamar mita 60. Cinye wannan tazara zai ɗauki daƙiƙa 11 kina cikin hannun masu tahowa. A cikin waɗannan daƙiƙu motarki za ta ci mita 275, motar da ke tahowa a kan 100 kuma za ta ci mita 300 da 'yan kai. Ma'ana, sai kin hango fili sarai na fiye da rabin kilomita, babu kwana, babu tudu, babu mararraba, kafin a ce wucewar ta yi daidai. Idon da ya saba da cikin gari bai saba auna irin wannan nisa ba, kuma ba abu ne da ake koyo da yara da mara lafiya a cikin mota ba.

Dangane da lokaci, gajeriyar hanyar ba ita ce mai sauri ba. Kilomita 60 a matsakaicin gudu na 60, wanda shi ne abin da ƙauyuka da manyan motoci za su bar miki, awa ɗaya ce cif. Kilomita 75 a kan 90 kuwa minti 50 ne. Man da za ki ƙara ƙonawa saboda ƙarin kilomita 15 bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba ga ƙaramar mota, kuma taka birki da sake ɗaukar gudu a tsohuwar hanya zai cinye wani ɓangare na wannan bambanci.

Game da gudu, ki bi abin da allunan hanya suka ƙayyade, kuma ki ɗauki lambar da ke jikin allo a matsayin iyakar da ba a wucewa, domin ba dole ba ne ki kai ta. Ga wadda take fara fita babbar hanya, tsakanin 80 da 90 a layin masu tafiya a hankali ya wadatar. Ki duba ɗan abin da ƙarin gudu yake sayo wa mutum a irin wannan tafiya: a kan 90 minti 50, a kan 100 minti 45, a kan 120 minti 37 da rabi. Amma nisan tsayawa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi, domin idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake buƙata yana ninkuwa sau huɗu. A busasshiyar kwalta, da birki da taya masu kyau, idan aka haɗa da daƙiƙa ɗaya da rabi da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki, mota mai gudun 80 tana tsayawa cikin kamar mita 70, mai gudun 100 cikin kusan mita 100, mai gudun 120 kuwa sai ta ci kusan mita 130. Mita 30 ɗin da ke tsakanin na biyu da na uku shi ne abin da ake biya domin a samu rarar minti bakwai da rabi.

Saboda haka lokacin da kike so ki samu, a gida za ki same shi ta hanyar tashi da wuri. Ki lissafa daga ƙarshe zuwa farko. Kina so ki kasance a harabar asibiti da 9:30 domin neman wurin ajiye mota da taimaka wa Mama ta sauka a natse. Ki cire minti 50 na babbar hanya, ki cire kamar minti 20 na fita daga garinku da wasu 20 na shiga garin da ba ki san titunansa sosai ba, kin dawo ƙarfe 8. Ki ƙara minti 15 domin tsayawar da mai yara ba ya rasawa, sannan wasu 15 domin abin da ba a sani ba. Ƙarfe 7:30 ya kamata a ce motar ta bar ƙofar gida, wato an riga an gama loda kaya kowa ya zauna.

Abu na ƙarshe shi ne tazara. Ki zaɓi wata alama a gefen hanya, kamar turken lantarki ko allo, idan motar gabanki ta wuce ta ki ƙirga daƙiƙa uku a hankali. Idan kin iso alamar kafin ki gama ƙirgawa, kin matse ta da yawa. A kan 90, daƙiƙa uku mita 75 ne, kuma zai yi miki kama da nisa mai yawa, amma shi ne daidai. Idan ana ruwa ko akwai hazo, ki ninka shi.

Bakanike ya rubuta:

Hajiya, maganar da kika yi cewa motar ba ta ba ki matsala a cikin gari ita ce ta sa na ga ya dace in sa baki, domin akwai lahanin da tuƙin gari yake ɓoyewa, sai an yi rabin awa ana gudu ba tsayawa yake bayyana.

Taya ce farko. Tayar da iskarta ta ragu tana lanƙwashewa a duk juyin da ta yi, lanƙwasawar kuma tana haifar da zafi. A kan 40 zafin ba ya taruwa har ya yi illa, amma a kan 90, da mutum huɗu da kaya, yana iya taruwa har tayar ta fashe. Ki sa mai faci ya auna iskar da geji da safe kafin motar ta yi tafiya mai nisa, lokacin da tayoyin suke da sanyi. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a cikin murfin tankin mai, ko a littafin motar. Lambar da ke jikin tayar kanta ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba ita ake bi wajen ba da iska ba, kuma da yawa ana rikita su.

Ki duba shekarun tayoyin. A gefen kowace taya, a ƙarshen jerin haruffan da suka fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kin ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko da ba a yi tafiya da ita ba, shi ya sa manyan kamfanonin taya suke ba da shawarar a riƙa duba ta sosai bayan shekara 5, kada kuma a ci gaba da amfani da ita bayan shekara 10 komai kyawun zanenta. A cikin ramukan zanen akwai wasu ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6, idan fuskar tayar ta suɗe har ta yi daidai da su, tayar ta gama aiki, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta tana fara rasa riƙo tun kafin ta kai nan. Idan kuma kin ga ƙullutu ko tsaga a gefenta, kada ta hau babbar hanya. In biyu kawai za ki iya sauyawa, sababbin su koma baya, domin idan bayan mota ya zame a kwana ya fi gaba wuyar shawo kai.

Kada a manta da safaya. A fito da ita a auna iskarta, a tabbatar jak yana ɗagawa, kuma sifanar da ke but ta yi daidai da notocin tayar, a ma gwada kwance ɗaya a ga ko zai kwantu da hannu. Idan safayar siririya ce irin ta wucin gadi, yawancinsu an rubuta a jikinsu kada a wuce kilomita 80 a awa.

Bayan taya sai abin da ke ƙarƙashin bonet. A duba baƙin mai motar tana tsaye a wuri mai daidai, injin a kashe. A duba ruwan lagireto injin yana da sanyi, a duba bututun roba ko suna yoyo ko sun kumbura, a tabbatar fankar injin tana tashi. A duba man birki, da bel ɗin injin ko ya tsattsage, da waifa da ruwan wanke gilashi, da fitilu gaba da baya har da na birki da sigina. Ina roƙonki a yi wannan kwana biyu ko uku kafin tafiya. Motar da aka kwance mata wani abu da daddare aka ɗauke ta da asuba zuwa babbar hanya ba ta samu gwaji ba, kuma noti ɗaya da aka manta ba a ɗaure ba ya isa ya ɓata ranar. Bayan an gama, a ɗan taka ta zuwa 80 ko 90 a wurin da doka ta yarda. Idan sitiyari yana rawa a wannan gudu, tayoyin suna buƙatar balansin. Idan motar tana ja gefe ɗaya, a sake duba iska da saitin ƙafafun gaba.

A kan hanya ki riƙa leƙa gejin zafi lokaci lokaci. Idan allurarsa ta nufi ja, ki sauka gefe ki kashe injin, kuma kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai ya huce, aƙalla rabin awa, domin ruwan da ke ciki yana cikin matsi kuma zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Idan jar fitilar baƙin mai ta kama, a tsaya nan take, ba a cewa bari a ƙarasa. Idan kuwa taya ta fashe, Allah ya kiyaye, ki riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ki danna birki da ƙarfi, ki ɗaga ƙafa daga totur a hankali har gudun ya ragu, sannan ki gangara gefe.

Mai kuwa, zuwa da dawowa da zagayen cikin gari zai kai kamar kilomita 180. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta buƙaci lita 15 ko kusa da haka. Ki sha fiye da haka tun ana gobe tafiya, don kada layin gidan mai ya ci miki lokacin safiya.

Malamin Tuƙi ya rubuta:

Na yarda da lissafin Baba Direba, amma ina da gyara a wuri guda. Tagwayen hanya ta fi aminci ga wanda ya iya shigarta da sauya layi a kanta, kuma waɗannan su ne abubuwa biyu da tuƙin gari ba ya koyarwa. Abin da na fi gani ga sababbin shiga shi ne su iso bakin hanyar a kan 40 saboda tsoro, su kutsa cikin motocin da ke kan 100, kuma wannan jinkirin ya fi saurin haɗari. Layin shiga an yi shi ne domin a ɗauki gudu a kansa: ki kunna sigina da wuri, ki taka totur har gudunki ya kusa na motocin da ke kai, ki zaɓi gurbi, ki duba madubi, sannan ki waiga kaɗan ta kafaɗa, domin akwai wani yanki a gefen mota da madubi ba ya nunawa, kuma mota sukutum tana iya ɓuya a cikinsa. Haka za ki yi duk lokacin da za ki sauya layi.

Don haka, Malama, kada ranar asibiti ta zama ranar farko. Ki samu wanda ya goge ya zauna a gefenki, ku fita a lokacin da hanya ba ta cika ba, ku yi kilomita 10 ko 15, ku shiga ku fita sau biyu ko uku. Za ki lura cewa a kan 90 sitiyari ɗan motsi kaɗan yake so, kuma ido ya kamata ya riƙa kallon can nesa maimakon bayan motar da ke gaba. Za ki kuma lura da wani abu idan kin sauka daga babbar hanya: 60 zai yi miki kamar tafiyar ƙafa, domin jiki ya saba da gudu. A nan maleji za ki gaskata, musamman a kwanar fita da farkon shiga gari.

Sannan ki tambayi wanda ya bi hanyar cikin kwanakin nan ko ana gyara a wani sashe. Idan an rufe hannu ɗaya an mayar da kowa ɗaya hannun, to wannan sashe ya zama kamar tsohuwar hanya, har ya fi ta haɗari saboda direbobi suna shigarsa da gudun da suka taho da shi.

Idan bayan gwajin kin ga hankalinki bai kwanta ba, tsohuwar hanya ba haramun ba ce, da sharaɗi ɗaya: ki yanke tun daga gida cewa ba za ki wuce kowace babbar mota ba sai inda aka ƙara layi domin haka. Ko da tirela mai tafiya a kan 50 ta riƙe ki tun daga farko har ƙarshe, kilomita 60 minti 72 ne, wato ƙarin minti 12 kawai a kan awa ɗayan da Baba Direba ya lissafa wa tsohuwar hanya.

Maman Khalil ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai motar a duba ta tun farkon mako, kuma ƙanena ya yarda zai raka ni gwaji a tagwayen hanyar. Sauran tambayoyi biyu. Ƙaramin yaron ya saba zama a cinyar kakarsa a kujerar gaba idan muna zagayen gari. Shin tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba tana buƙatar kujerar yara ta musamman? Sannan me zan yi idan na wuce mafitar da ya kamata in bi, kuma wane lokaci ya fi dacewa mu kamo hanyar dawowa?

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

'Yar'uwa, a kan maganar cinya ina roƙonki da babbar murya ki sauya wannan tsari, har a cikin garin ma. Karo a kan kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A cikin wannan ƙiftawar ido jikin yaro yana fizgewa gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20 ko fiye, wato yaro mai kilo 14 yana komawa kamar kilo 280 a hannun mai riƙe da shi. Babu hannun da zai iya riƙe wannan, balle na dattijuwar da ba ta da lafiya. Idan kuma aka zagaya bel ɗaya a kan su biyun, nauyin babba ne zai matse yaron a jikin bel ɗin. Ga jakar iska ta kujerar gaba, wadda aka ƙera domin ƙirjin babban mutum, tana fitowa da ƙarfin da zai iya yi wa ƙaramin yaro mummunan rauni a kai da wuya.

Mai shekara 3 yana buƙatar kujerar yara daidai da nauyinsa da tsayinsa, a ɗaure ta da kyau a kujerar baya, maɗaurinta kuma ya kama jikinsa ba sako-sako ba. Idan ba ki da ita, ki aro, amma ki gwada ɗaura ta kafin ranar domin ɗaurin yana da ɗan wuya a karon farko. Mai shekara 8 ma a baya zai zauna, kuma mai yiwuwa yana buƙatar matashin ƙarin tsayi, domin bel ɗin manya ba ya zama daidai sai yaro ya kai tsayin santimita 135 zuwa 150. Alamar daidai ita ce bel ya bi ta tsakiyar kafaɗa da kan ƙashin ƙugu. Idan yana shafar wuya ko ya hau kan ciki, bai zauna ba. Ki kunna makullin yara na ƙofofin baya.

Ba don in tsorata ki nake kawo wannan ba, amma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke rasuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma nuna cewa ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga na cikin mota, amfani da waya a lokacin tuƙi kuwa yana ninka yiwuwar karo kamar sau huɗu. Gajartar tafiya ba ta rage ƙarfin karo da komai.

Mama ta zauna a gaba da bel ɗinta, a ɗan ja kujerar baya, magungunanta da takardun asibiti da ruwan sha su kasance a jakar da hannunta zai kai. Kaya masu nauyi su tafi but, domin duk abin da ke sake a cikin mota yana tashi idan aka taka birki da ƙarfi. Ke kuma ki kula da abin da za ki sha a daren da safiyar: wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi suna sa barci har washegari. Idan kun isa, ko na minti biyar ne kada a bar yaro a cikin motar da aka rufe, domin zafin cikinta yana hauhawa da sauri ko da an ɗan sauke gilashi.

Tsohon Direba ya rubuta:

Gyaran Malam ya yi daidai, kuma na goyi bayan gwajin. Game da mafita, Hajiya, idan kin wuce ta, ta wuce ke nan. Kada ki tsaya, kada ki yi baya, kada kuma ki yanko layuka a guje domin ki cim mata. Motar da ke bayanki a kan 90 tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, kuma direbanta bai sa ran ganin mota tana dawowa da baya ba. Ki ci gaba zuwa mafita ta gaba ko wurin juyawa da aka tanada. Rarar minti 15 da muka sa a lissafi domin irin wannan ne. Don kada hakan ta faru, ki duba taswirar tun a gida ki riƙe sunan mafitar da ta wadda take gabaninta, ki saita wayar ta riƙa faɗa miki da murya, ki kafa ta a inda ba sai kin taɓa ta ba, kuma ki koma layin fita tun da sauran kilomita ɗaya.

Dawowa ta fi tafiya buƙatar shiri, ko da yake ita ce aka fi mantawa da ita. Da safe kina da ƙarfi da natsuwa. Da rana kuwa kin sha zaman jira, yara sun gaji, wataƙila kuma zuciyarki tana kan abin da likita ya faɗa. Tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana jiki yakan yi nauyi, musamman bayan cin abinci, kuma miƙaƙƙiyar hanya marar gargada tana ƙara jawo gyangyaɗi. Idan kin fara hamma a jere, ko kin ga ba ki tuna kilomitocin da kika wuce yanzu ba, ki nemi wuri mai aminci kamar gidan mai ki tsaya ki runtsa na minti 15 zuwa 20. Sauke gilashi da ƙara sautin rediyo ba sa korar barci sai na ɗan lokaci.

Ki duba kuma inda garin yake. Idan yana gabas da ku, rana za ta kasance a idonki da safe, ta sake kasancewa a idonki da yamma idan kin yi jinkiri, don haka ki wanke gilashin gaba ciki da waje, ki riƙe tabarau mai duhu. Ki sa wa kanki iyaka: a kamo hanya aƙalla awa biyu kafin faɗuwar rana, domin ko taya ta yi faci a gyara da sauran haske. Idan asibiti ya riƙe ku har duhu ya kusa, kwana a can ko kiran ƙanenki ya zo ya tuƙo ku ya fi ki fara tuƙin dare a babbar hanya a wannan rana.

Idan motar ta tsaya a hanya, ki fitar da ita gaba ɗaya daga kwalta gwargwadon iko, ki kunna sigina biyu, kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, ku tsaya can nesa da hanya, bayan shinge idan akwai, yaran suna hannunki. Alamar gargaɗi mai kusurwa uku a ajiye ta a nisan da dokar wurin ta ce, kuma ki tuna mai gudun 100 yana buƙatar kusan mita 100 kafin ya tsaya, saboda haka ajiye ta dab da bayan mota ba ya gargaɗin kowa. Kafin ku tashi daga kowane ɓangare, ki kira ƙanenki ki gaya masa hanyar da za ku bi da lokacin da kuke sa ran isa, ki tabbatar wayarki cike take da caji, kuma lambar bakanikenki da ta masu agajin gaggawa suna cikinta.